Lita Goma a Ƙarƙashin Jan Layi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukaki, wanda Ya ajiye kowane abu a kan gwargwadonsa, Ya kuma hore mana dabba da ƙarfe domin su kai mu ga 'yan'uwanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa.

Shekarun baya, a zamanin da jam'iyyu suka fara yawa a ƙasarmu, kowace bishiya a Maraɗi da tutarta, ma'aikata kuma yau suna aiki gobe suna yaji, Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa. Da aka raba gado, zaurensa na karatu a Tsibiri ya dawo hannuna, haka ma wata tsohuwar mota fara ƙirar Faransa, irin wadda ake kira kat-san-kat.

Motar nan tana da suna a garinmu. Ita ke kai marar lafiya asibitin Maraɗi, ita ke kai mutane ta'aziyya, kuma makullinta a rataye yake a zaure, duk maƙwabcin da ya iya tuƙi yana iya ara. Abin da ya sa aka san ta shi ne allurar da ke nuna yawan mai, wato isansi. Ko an cika tanki har baki, allurar ba ta taɓa kaiwa ƙarshe. Idan kuma ta kwanta a kan jan layi, wanda ke nufin mai ya ƙare, sai motar ta ci gaba da tafiya kamar ba ta ji ba. An sha kai mai naƙuda Maraɗi a dawo allura tana kan ja. Mutane suka ce karamar Malam ce. Shi kuwa duk lokacin da ya ji, sai ya ɓata fuska ya ce, "Ku bar wagga magana. Mota da isansi take tahiya. Wanda ya ara, in ya ga allura ta kai ja, ya zuba."

Sharaɗi ɗaya ya bar mini a kanta. A shekararsa ta ƙarshe, da ya ga yadda gari ya ɗauki zafi, ya ce kada a taɓa ɗaura mata tuta.

Bai cika wata shida a kabari ba abokina, wanda muka yi karatu a gaban malami ɗaya kafin ya shiga siyasa, ya zo neman aron motar na kwana uku domin zagayen ƙauyuka. A nan ne ilimin tawili da na tara ya yi mini aiki inda bai kamata ba. Na ce wa raina, tuta Malam ya hana, bai ambaci lasifika ba. Na miƙa makulli, na kuma jaddada masa cewa kada a ɗaura tuta, ina jin kaina mai cika wasiyya.

Da ya dawo da ita, sai ya jawo hannuna ya nuna mini allura tsaye cak a kan cika. Ya ce, "Malam, ka ga irin aikinmu tun kafin mu ci zaɓe. Na kai ta garaji a Maraɗi, an gyara maka allurar da ta shekara ashirin tana yi muku ƙarya." Na yi masa godiya, har na ɗaga hannu na yi wa mai gyaran addu'a. Allah Ya karɓi addu'ar, domin bawan Allah bai san abin da ya ɓata ba.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, wani ya zo a kan babur daga Jiratawa ya ce ƙanen mahaifiyata ya rasu, ana jiran ta kafin a fitar da shi. Shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Na duba allura, na gan ta a kan rubu'i. A kwanakin gidajen mai a rufe suke, sai 'yan ruwa-ruwa masu sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Da muka shiga Maraɗi muka wuce su jere da kwalabensu, mahaifiyata ta yi magana daga baya, ta ce, "Ba a ƙarawa?" Na ce mata motar da ke zuwa Maraɗi ta dawo a kan ja, ai rubu'i ya ishe ta zuwa Jiratawa har da saura.

Mun fita gari, mun fara hango koren gonakin rani, sai motar ta yi tari sau biyu ta tsaya. Allura tana nan a kan rubu'i, ba ta motsa ba. Na buga, na sake bugawa, na karanta abin da na sani. Daga ƙarshe na ɗauki galan na koma da ƙafa cikin rana, babu ko kabu-kabu ɗaya da ya biyo hanyar. Lokacin da muka isa Jiratawa, maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafafu. Mahaifiyata ba ta ga fuskar ƙanenta ba.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, maganarta da ni ma takan bi ta kan bango ko ta kan wani. A hanyar komawa ta dubi taga ta ce, "Motar mai gidan nan ba ta taɓa yi wa kowa haka ba, sai da anka kai ta yawon kiɗa." Ba ta ƙara ba. Amma akwai wata ƙwaryar fura da take damawa da hannunta, ana kawo mini zaure kowace azahar tun ina saurayi, ko bayan na yi aure ba ta fasa ba. Washegari ƙwaryar ba ta zo ba. Jibi ma haka. Sannan ƙanwata ta kawo mini saƙo cewa ranar sadakar arba'in Inna za ta shiga motar haya, kada in wahalar da kaina.

A gari kuma magana ta bazu cewa albarkar ta bi mai ita. Ni mutum ne da ya karantar da tauhidi, na san ƙarfe ba ya tafiya da karama. Amma na san na saɓa wa mahaifina yana kabari, na kuma ɓata wa mahaifiyata tana raye, kuma babu babin da na karanta da ya ce wanda ya haɗa waɗannan biyu zai ga daidai. Ina zaune ina fassara wa ɗalibai haƙƙin iyaye, idona yana kan ƙofar da ƙwaryar ke shigowa.

Na zagaya garajojin Maraɗi. A can na koyi cewa abin da ke aika wa allura labari yana cikin tanki ne, kuma sunansa fulotar. Na farko ya ce tun da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi ba a kawo sabo. Na biyu ya ce in yanki kara in riƙa tsomawa a tanki kamar kowa. Na uku, wani mai furfura, ya dube ni ya ce, "Malam, wa ke taɓa wa mahaifinka ita? Can za ka koma."

Sai na ji kunya, domin na san shi, kuma tun ranar ta'aziyya ban taka gidansa ba. Wani dattijo ne Kirista a Tsibiri, abokin mahaifina tun suna samari, wanda ya yi aikin gyaran mota har idonsa ya raunana ya bari. Baba nake ce masa. Shi kuma, duk da na haura arba'in, Malam Ƙarami yake ce mini.

Na same shi da safe a gindin bedin ƙofar gidansa. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Wagga ƙarar injin na san ta. Malam Ƙarami, sai yau?" Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari tun daga lasifika har zuwa ƙwarya, ban rage komai ba.

Ya ce, "Idona ya tahi, hannuna na rawa. Kai za ka yi aikin. Tuɓe babbar rigar."

Na ce, "Baba, ni ko ƙusa ban taɓa kwancewa ba."

Ya ce, "Kana feƙe alƙalami ba ka yanke yatsa. Wanga bai kai shi wuya ba."

Haka malamin zaure ya tsaya daga shi sai 'yar shara, masu wucewa suna rage tafiya suna kallo. Ya sa na fara cire wayar batiri, ya kuma aika cikin gida a kashe murhun da ke kusa da katanga, ya ce tururin isansi ba ya jiran a gayyace shi. Sannan ya ba ni tiyo in zuƙe abin da ke cikin tanki zuwa jarka. Ya gargaɗe ni in saki da zarar na ji sanyi a leɓe. Ban saki da wuri ba. Kwana biyu duk abin da na ci ɗanɗanon isansi yake yi.

Muka buɗe kofur, wato akwatin kaya na bayan mota, na ɗaga shimfiɗar roba. A ƙarƙashinta akwai wani faifan ƙarfe kamar murfin gwangwani, da waya ɗaya a kansa, da ƙusoshin murɗi a kewaye. Ya ce kafin in taɓa komai in yi alama a kan faifan da jikin tanki, domin ya koma yadda ya fito. Na ciro alƙalamina na ja layi. Na zare wayar, na kwance ƙusoshin da turnabis, wato sukundireba, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana karɓa yana jerawa a cikin hularsa. Biyu sun ci tsatsa, na nemi guduma, ya ce, "Ƙarhe bisa ƙarhe a bakin tanki? Kana son ka riga ni ganin ubanka?" Ya miƙo mini guntun itace.

Da faifan ya saki, ya ce kada in fizgo, in ɗaga in karkata kamar mai fitar da ludayi daga tulu mai ƙaramin baki. Sai ga abin ya fito. Siririn ƙarfe ne mai tsawon kamu ɗaya da 'yan kai, a ƙarshensa wani ɗan gwangwani rufaffe mai yawo a kan mai, a gindinsa kuma wani ɗan akwati da zaren waya a naɗe ciki. Idan mai ya yi yawa gwangwanin ya taso, hannun ya ɗaga, allura ta hau. Idan mai ya ragu ya sauka, allura ta bi shi. Na tsaya ina kallon wannan ɗan abu da ya raba ni da mahaifiyata.

Baba ya karɓa, ya girgiza gwangwanin a kusa da kunnensa, ya ce bai sha mai ba, lafiyarsa lau. Ya motsa hannun sama da ƙasa, ya ce zaren wayar ma bai tsinke ba. Sai ya fara bin siririn ƙarfen da yatsunsa a hankali. Da ya kai tsakiya ya tsaya. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin, ya ce, "Mi ka ji?"

Na ce na ji kamar gurbin tsohon lanƙwasa, da wani sabo kusa da shi.

Ya sake bin wurin da yatsa. Sannan ya ce, "Tsohon nawa ne. Sabon na yaron garaji ne. Ya ga allura ba ta kai cika, sai ya danne hannun ƙasa, ya wuce da shi. Yanzu gwangwanin na zama bisa gindin tanki tun allura na rubu'i. Ko tanki ya bushe ƙaƙas, rubu'i za ta ce maka."

Na ce, "To Baba, kai me ya sa ka lanƙwasa shi tun farko?"

Ya ce, "Ubanka ya sa ni, kuma ya ce kada in hwaɗa. Amma ya tahi, kai kuma kana cikin wuta. Shekarar da ya sayi motar, wani ya ara ya maido ta babu ko ɗigo, ran nan kuma anka kawo yaro maciji ya sare shi. Da ƙyar anka samu mai, da ƙyar yaron ya sha. Washegari ubanka ya zo nan inda kake tsaye, ya ce in ɗaga mashi gwangwanin yadda allura za ta kai ja alhali da sauran lita goma. Ya ce mai aro in ya ga ja zai zuba, goman nan kuwa ta masu ciwo ce, ba tashi ba, ba ta kowa ba."

Na zauna a bakin kofur. Shekara ashirin gari yana cewa karama, mutumin yana cewa isansi ne, kuma gaskiya yake faɗa, mu ne ba mu tambaya ba.

Da na dawo cikin hankalina sai malantar ta motsa. Na ce, "Baba, amma wannan ma'auni ne. Mu kuwa an tsananta mana a kan ma'aunin da ba ya faɗin daidai."

Ya yi dariya har ƙusoshin suka yi ƙara a hularsa. Ya ce, "Haka shi ma ya tsaya yana gardama da kanshi, ni ina riƙe da awartaki. Ni ba malami ba ne, Malam Ƙarami. Amma mai tauye mudu na mutane yake ragewa ya ƙara nashi. Ubanka nashi ya rage ya aje wa mutane. Nuna mini wanda anka cuta."

Na juya mas'alar ta kowace fuska da na sani, ban sami wanda aka cuta ba. Ba a sayar wa kowa komai da allurar nan, kuma bai taɓa cewa ja na nufin babu ba, cewa ya yi in ta kai ja a zuba. Na ce mu mayar da ita yadda ya bar ta.

A nan ne na sami abin da na iya. Mahaifina yana da mudun tagulla na fitar da zakkar kono, wanda ya gwada da na malaminsa, kuma ya koya mini cewa ba a yarda da ma'auni sai an gwada shi da wanda aka tabbatar. Na ƙi amincewa da kwalaben bakin hanya. Baba ya sa aka fito masa da tsohon gwangwanin awonsa na lita ɗaya, na auna goma da hannuna ina ƙirgawa a fili, na zuba a tanki. Ya ce in riƙe hannun fulotar da awartaki kusa da akwatin waya domin kada ƙarfin ya kai can, in lanƙwasa da yatsa daga tsakiya, kaɗan kawai. Na mayar da shi, na haɗa waya da batiri, na murɗa makulli. Allura ta tashi a hankali ta tsaya sama da ja. Na cire batiri, na fitar, na ƙara lanƙwasawa. Wannan karon na zarce, domin ko da na ƙara lita biyu allurar ba ta motsa ba. Na zuƙe biyun, na sake fitarwa.

Ana cikin haka aka kira azahar. Ya ce, "Tahi ka yi sallarka, ina tsare maka ƙusoshi." Matarsa ta fito mini da wata tsohuwar buta da tabarma, ta ce na mahaifina ne, a nan suke zaune tun yana zuwa.

A karo na huɗu allura ta taso ta kwanta daidai kan jan layi. Na ƙara lita ɗaya, ta ɗaga kai kaɗan. Na zuƙe ta, ta koma. Na gaya wa Baba, ya ce, "To ka zama makaniki. Saura ka koyi sakin tiyo." Muka yanka sabon zobe na kwali mai kauri maimakon tsohon da ya ruɓe, ya sa na shafe shi da sabulu, na daidaita layin alƙalamina, na ɗaure ƙusoshi.

Da la'asar na durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyata. Na fara da laifina, na ce ni na ba da motar, ni na ƙi ƙara mai da ta yi magana. Sannan na faɗi abin da Baba ya faɗa. Ta daɗe tana jan tasbaha. Can ta ce wa ƙanwata, wadda ke zaune a gefenta, "Baki na iya hwaɗin komi. A gaya wa mai motar, ran arba'in kada a zuba ko ɗigo. A bar allurar bisa ja, in gani da idona."

Ranar ta zo. Ta ƙi kujerar baya inda ta saba zama, ta shiga gaba, ta kafa wa allurar ido. Na yi lissafi ya fi sau goma, na san zuwa da dawowa ba zai cinye goman ba, amma ban daina leƙen allurar ba. Muka bar Tsibiri a kan ja. Muka ratsa Maraɗi a kan ja, 'yan ruwa-ruwa suna ɗaga mana kwalabe. Da muka kai daidai inda muka tsaya waccan ranar, na ji ta ja numfashi. Motar ta wuce wurin da muryarta ɗaya, ba ta ko yi tari ba. Muka shiga Jiratawa tun ba a gama shimfiɗa tabarmi ba, ta sauka a ƙofar gidan ƙanenta a gaban dangi duka, daga motar mijinta.

A hanyar dawowa muka shigo Maraɗi. Ta ce a tsaya. Ta kira mai kwalabe da hannu, ta kwance bakin mayafinta. Na ce, "Inna, ai zai kai mu gida." Ta ce, "Na sani. Wanda munka ƙona ba namu ba ne. A maida wa masu shi." Ta sa aka yi ta zubawa har allura ta ɗaga daga kan ja. Da muka tashi, sai ta dubi gilashin gaba ta ce, "Shekara arba'in da wani abu ina dama wa mai gidan nan hura, bai taɓa hwaɗa mini ba." Na saci kallonta, na ga tana murmushi, hawaye kuma yana bin kuncinta.

Washegari da azahar ina tsakiyar karatu, ƙwaryar ta shigo. Na rufe littafi, na ce wa ɗalibai a dakata. Ban taɓa tsayar da darasi saboda abinci ba sai ranar.

Motar ta yi mana shekaru bayan haka, ta kai masu ciwo da yawa, ba ta sake tsayawa da kowa ba. Ban yi shela ba, amma duk wanda ya ce mini karama ta dawo, nakan ce masa isansi ne, wanda ya tambaya kuma in gaya masa. Mutum biyu kacal suka taɓa tambaya. Yau mahaifiyata ta rasu, Baba ma ya rasu, motar tana bayan gida kaji suna ƙwai a cikinta. Fulotar ɗin na ciro shi, yana kan kanta kusa da mudun tagulla. Wani lokaci nakan bi shi da yatsa in ji gurabun nan uku, na Baba, da na yaron garaji, da nawa.

Na karanta babuka masu yawa a kan sadakar ɓoye, na kuma karantar da su, amma ban fahimce ta ba sai da na shiga kofur da 'yar shara. Mutanen gari sun nema wa mahaifina abin mamaki, alhali abin da ya yi ya fi abin da suka ba shi. Tun daga lokacin, a rumbu ko a aljihu, nakan ja wa kaina layi sama da gindi, in ɗauka abin da ke ƙasansa yana da masu shi, ko da ban san su ba tukuna.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya saka wa duk wanda ya riƙe musu amana. Kai kuma mai karatu, Allah Ya sa iyayenka su yarda da kai, Ya sanya albarka a gidanka da abin hawanka da abin da ka ajiye domin wani, Ya kai ka inda ake jiran ka a kan lokaci, kai da iyalanka baki ɗaya. Amin.